Ɗigon Rabi

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Mastura ta shigo mini da kwamfutar, a naɗe cikin tsohuwar atamfa, ta rungume ta a ƙirji. Shagona a Sa'alaba ba wani shagon a zo a gani ba ne. Ƙarƙashin matakalar bene na samu na saka tebur da fanka, babu allo babu suna, domin mutumin da ya zo umara shekara goma sha ɗaya da suka wuce bai koma ba, ba ya rataya sunansa a bakin titi. Sunana Rilwanu. A Kano wayar hannu nake gyarawa, a Jidda kuwa duk abin da ake jona wa wuta.

"Kai ne mu'allim Rilwanu?" in ji ta. "An ce kana tayar da abin da kowa ya ce halas, ya mutu."

Da ta kwance atamfar sai da na yi dariya. Sakhar ce, irin kwamfutar nan ta da wadda ake jonawa da talabijin, ita da madannanta duk jiki ɗaya. Ta girme ni. Rabona da ganin irinta tun wata da aka kawo mini daga bola don in cire mata waya. Na ce, "Hajiya, wannan ai sai gidan tarihi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗan zauna a bakin matakala ta yi mini bayani, Hausa tana tafiya Larabci yana tare mata hanya, irin na 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Ta mahaifinta ce, Baba Abdulghaffar na Ruwais. Shekara talatin yana rubuta wa mutane takardun koke da na neman izini, da wannan kwamfutar ya ƙare aikin. Ciwon suga ya cinye ganinsa, bara kuma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da ya rage masa hannun hagu ne da wannan na'ura. Da ita yake cewa a ba shi ruwa, da ita yake yi musu faɗa, Mastura tana karantawa a talabijin. Ranar Juma'a rabin madannan suka daina amsawa. Tun daga ranar ya juya fuska bango, ruwa kaɗai yake karɓa.

"Kun gwada masa sabon kibod?"

"Uku muka saya, wallah. Haruffan ba a wurinsu suke ba, hannunsa bai san su ba. Na ƙarshe ya ture shi ƙasa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Daktora ya ce yaumal khamis, Alhamis ɗin nan, bayan la'asar, in Abuya bai ci ba, za a kwantar da shi a saka masa roba ta hanci. Ni na san Abuya. In aka saka masa wannan roba, ba zai dawo gida ba."

Litinin muke. Na ƙirga da yatsu, ban ji daɗin abin da na ƙirga ba, amma bakina ya riga ni. Na ce ta bar ta, in Allah ya yarda.

Ina da ƙa'ida biyu a sana'a, kuma har na kan yi wa mutane gori da su. Ta farko, ba na kwance komai sai na ɗauki hotonsa, don kada in mayar da dama hagu. Ta biyu, abu ba ya fita daga hannuna da datti. Maigidana na Kano ya koya mini cewa mai kaya ba ya ganin gyaran da ke ciki, tsabtar waje yake gani. Don haka na ɗauki hoto, sannan na kwance.

Ciwon bai ɓoye ba. A ƙarƙashin madannai akwai wata siririyar leda mai layukan azurfa, ita ce ke kai saƙon yatsa cikin na'ura. Damshin tekun Jidda da shayin shekara da shekaru sun cinye layukan, ledar kuma ta tsage daidai inda take lanƙwasa. Da guri ɗaya ne da na ɗinke da tawadar azurfa. Wannan kuwa ina taɓa ta tana ɓarɓashi, sai dai a samo wata.

Kafin in fara neman, na juya kan madannan. Kai, ƙazanta! Sun yi rawaya, maiƙon hannu ya daskare a gefensu, wasu kuma akwai wasu ƙulle-ƙulle jajaye-jajaye da suka bushe a kansu, wani ɗaya, wani biyu. Na ce a raina, ga 'ya mai tausayin uba amma ba ta iya ɗaukar tsumma ba. Na ɓalle su ɗaya bayan ɗaya na zuba a roba da ruwan omo. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa bayan tebur, na laluba ban same shi ba, na ce zai fito. Sauran na dirje su da buroshi. Ƙulle-ƙullen suka ƙi fita, na sa reza na kankare su tas, na bi da sifirit. Na shanya su a kan jarida suna ƙyalli, ina kallonsu ina jin daɗin kaina.

Talata na wuni a kasuwar gwanjo ta kudancin gari. Duk wanda bai da iƙama, takardar izinin zama, ya san yadda ake tafiya a irin wannan wuri: ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan hanyar fita. Na tona tulin rediyo, na ɗaga tsofaffin bidiyo, ƙura ta cika mini hanci. Wani dattijo ɗan Yaman ya ce yana da guda biyu, ya sayar wa masu narka ƙarfe watan jiya. Wani ya nuna mini ɗaya, na buɗe na tarar ɓeraye sun riga ni. Masu sayarwa a waya kuwa, na ƙasashen waje ne, kaya sai mako uku. Sau biyu Mastura ta kira, sau biyu na ce ana kan hanya. Ban san wace hanya nake nufi ba.

Da yamma na tuna da Zaharaddeen, ɗan unguwarmu a Kano, wanda yake tuƙa wani attajiri a Abhur. Ya taɓa ba ni labari yana dariya cewa maigidansa, Abdulmohsen, ya ware ɗaki guda da na'urar sanyi saboda tsofaffin kwamfutoci, shi kuwa direba yana kwana da fanka. Na kira shi. Bayan awa ɗaya ya kira ni.

"Ya ce yana da irinta wadda ta mutu, zai ba ka. Amma ba ya sayarwa, kuma ba ya aikawa. Yana da wata da ta ƙi kawo hoto, sai ka zo da kanka ka duba masa."

"Abhur fa ka ce, Zaharaddeen."

"Na sani."

Ya sani, ni ma na sani. Daga Sa'alaba zuwa Abhur sai ka ratsa Jidda daga gindinta har kanta, kuma a wannan makon ana ta tsayar da motoci ana duba takardu. Shekara huɗu rabona da wuce tsakiyar gari. Wanda aka kama, tarhil ne, a mayar da shi ƙasarsu daga shi sai rigar jikinsa, kuma kwamfutar Baba Abdulghaffar za ta zauna a ƙarƙashin bene a kwance, ba wanda ya san inda kowane ƙusa yake. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce ya zo da safe.

Laraba ya zo da motar gidan, mai baƙin gilashi. Na sa farar jallabiyata ta Juma'a na zauna a baya, wai ko a ɗauke ni wani abu. Muna hawa babban titi motoci suka fara rage gudu. Can gaba na hango fitila mai walƙiya da mutane biyu a tsaye.

"Kar ka kalle su, kar kuma ka sunkuyar da kai," in ji Zaharaddeen. "Riƙe waya kamar kana faɗa da wani."

Na kara waya a kunne, babu kowa a ciki, bakina yana motsi da duk addu'ar da na iya. Aka tsayar da motar gabanmu, aka fito da mutum biyu. Jami'in ya dubi lambar motarmu, ya dubi Zaharaddeen, ya kaɗa hannu. Sai da muka yi nisa na ga wayar a juye na riƙe ta, kuma jallabiyar ta manne mini a baya.

Abdulmohsen mutumin kirki ne, sai dai surutu. Kowace na'ura sai ya ba ni tarihinta, ni kuwa idona yana kan agogo. Tasa matsalar ƙarama ce, wata waya ce ta saki, na like ta cikin rabin awa. Da hoto ya fito ya yi tafi kamar yaro. Ya ɗauko mini matacciyar, na buɗe a gabansa, na ɗaga ledar na haska ta a taga. Lafiyarta lau, ko tabo babu. Da ya ji don wa nake nema, ya ce in tafi da ita gaba ɗaya, ya ƙara da cewa Allah ya ba dattijo lafiya. A dawowa mun tarar an tashi daga shingen.

Alhamis da sassafe na haɗa komai. Gurbin madannin da ya ɓata na cike shi da na kwamfutar Abdulmohsen. Ina shara kafin in fita sai ga ɓataccen a gindin bango, harafin "ba" ne na Larabci, da dattinsa da jan ƙullinsa guda. Na ce kai kuma ka makara, na jefa shi a aljihu. Na gwada kowane madanni sau uku, duk suna amsawa. Na naɗe ta a atamfarta, na hau tasi zuwa Ruwais ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Gidan tsohon gini ne, ɗakin Baba yana ƙasa. Na same shi a jingine da matasai, dogon mutum da ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, fuskarsa tana bango. A gefe ga kwanon miya da gurasa an rufe, ko taɓawa ba a yi ba. Na gaishe shi, bai motsa ba.

"Abuya," in ji Mastura, "ga mu'allim ya kawo ta. Sakhar ɗinka ce, wallahil azim."

Na jona ta da talabijin, ta yi ɗan kukanta na tashi. Wannan sauti ne ya juyo da shi. Mastura ta ɗora masa ita a cinya, ta kama hannunsa na hagu ta aza a kai.

Yatsun suka fara tafiya. Suka je dama, suka dawo hagu, suka hau layin sama suka sauko. Ya danna wani abu, haruffa uku marasa ma'ana suka fito. Ya sake shafawa, a hankali wannan karon, tun daga farkon layi har ƙarshe, kamar mai neman allura a tabarma. Sai numfashinsa ya canza. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba na fatan in sake jin irinsa, ya ture kwamfutar, da ban tare ba da ta sha ƙasa. Ya mayar da fuska bango.

Na ce, "Wallahi tana aiki, Hajiya, kowane ɗaya na gwada."

Mastura ba ta saurare ni ba. Ta sunkuya tana kallon madannan, ta shafa su da yatsa, ta ɗago.

"Ina ɗigon Ummi?"

"Wane ɗigo?"

"Jan farce. Lokacin da idon Abuya ya fara tafiya, Ummi Rabi ta zauna ta ɗiga masa jan farcenta a kan haruffa, wani ɗaya wani biyu, don yatsansa ya gane inda yake. Da su yake gani, ya mu'allim! Shekara shida da rasuwarta, ko tsumma ba ya bari a kai wurin." Muryarta ta karye. "Me ka yi?"

Na tuna rezar. Na tuna yadda na zauna ina kankarewa, har ina zagin wannan baiwar Allah a zuciyata cewa ba ta da tsabta. Ba a taɓa marina a Jidda ba, amma da ta mare ni a lokacin da ya fi mini sauƙi. Na ratsa gari ba takarda, na samo abin da babu shi a kasuwa, ashe tun ranar farko na riga na ɓata aikin da hannuna, ina murna. Na ce, "Ni na kankare su. Na ɗauka datti ne."

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Aka kira azahar a masallacin unguwa. Saura awa uku da wani abu motar asibiti ta zo.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba kafin hannuna ya kai kan wayata. Hoton ranar Litinin yana nan. Na buɗe shi na ja shi ya yi girma, ga su nan ɓaro-ɓaro: madanni goma sha ɗaya, shida masu ɗigo ɗaya, huɗu masu biyu, ɗaya mai uku a jere, kowanne da kusurwar da aka ɗiga shi.

"Hajiya, akwai jan farce a gidan nan?"

Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta tashi. Ta dawo da 'yar kwalba ta 'yarta.

Na yi salla a tsakar gida, ban san me na karanta ba, Allah ya yafe mini. Sannan muka zauna a bakin ƙofa, ita tana riƙe da waya tana faɗa mini, ni ina ɗigawa da tsinken sakace. Ɗigo ɗaya ba ya yin tudun da yatsa zai ji, sai ya bushe an ƙara wani a kansa, sannan wani. Muka kawo fanka muka saita. Ni da nake cika baki da saurin hannu, ga ni zaune ina jiran jan farce ya sha iska, ina duba agogo duk bayan minti biyu. Sau ɗaya hannuna ya goce na ɓata, na goge na sake. Mastura ta ce, "Shwayya shwayya," wato a hankali, ita ce kalma ta farko mai taushi da ta yi mini tun ɗazu.

Mun yi goma, ta ce, "Saura ba. Ɗigo ɗaya, a ƙasa ta hagu."

Na ɗaga tsinken, sai na tsaya. Na ajiye shi na sa hannu a aljihu. Madannin yana nan, rawaya, da maiƙonsa, da ɗigonsa da ya yi duhu ya koma kalar zoɓo. Na miƙa mata a tafin hannu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kar ka goge shi," in ji ta.

"Ko hura shi ba zan yi ba."

Na ɓalle na Abdulmohsen na mayar da na asalin gurbinsa.

Ana kiran la'asar muka koma ɗakin. Wannan karon Baba ya ƙi ba da hannun. Mastura ta durƙusa tana roƙonsa, Larabci da Hausa duk ta haɗa, ya dunƙule yatsunsa. Wayarta ta yi ƙara, direban asibiti ne yana tambayar kwatance. Ni kuma na matsa kusa na durƙusa.

"Baba, ni ne Rilwanu mai gyara. Laifina ne, ba na Hajiya ba. Ban san mene ne ba na kankare. Mun mayar da su yadda suke a hoto. Ka taɓa sau ɗaya, in bai yi ba ba zan ƙara damunka ba."

Sannan yatsun suka saki kaɗan. Mastura ta ɗauki hannun ta aza.

Ya shafa layin tsakiya. Ya tsaya a ɗigo na farko, ya wuce, ya tsaya a na biyu, ya wuce. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Da ya iso kan ba sai yatsan ya tsaya cak. Ya zagaya ɗigon, ya sake zagayawa, ya daɗe a wurin. Daga nan ya fara dannawa, harafi ɗaya, hutu, harafi ɗaya.

Mastura ta ƙura wa talabijin ido. "Da Hausa yake rubutawa," in ji ta. "In ransa ya ɓaci haka yake yi. Karanta mini, ni sai na daɗe ina haɗa haruffan."

Ajami ne, irin wanda muka koya tun muna yara. Na karanta a fili.

"Ɗaya ne kawai na Rabi."

Na ce, "Haka ne, Baba. Sauran nawa ne. Ka yafe mini."

Bai juyo ba. A waje mota ta tsaya, aka yi ham sau biyu. Mastura ta dubi ƙofa, ta dubi mahaifinta, ba ta tashi ba. Yatsan ya sake ɗagawa. Ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya goge wani harafi, ya gyara.

"Me ya ce?" in ji ta. "Ya mu'allim, me ya ce?"

Na karanta mata.

"Ya ce, baƙo yana gidana tun azahar ba a ba shi komai ba. Buɗe kwanon. Matso mu ci."

Mastura ta fashe da kuka tana dariya, ta jawo kwanon har miya tana zuba a kan tabarma. Miyar ta yi sanyi tuntuni, ba wanda ya ce a ɗumama. Na gutsuri gurasa na tsoma na kai baki, domin na gane ba zai fara ba sai ya ji ina taunawa. Sannan ya buɗe baki, ta ba shi cokali na farko, ya haɗiye da ƙyar, ya sake buɗewa.

Aka sake yin ham a waje. Ta ɗauki cokali na huɗu ta ce, "Abuya, ga gurasa, karɓi da hannunka."

Ya girgiza kai. Hannu ɗaya gare shi, kuma yana kan harafin ba, bai ɗaga shi ba har muka gama.